Ƙudan Rairayi Ya Doshi Ƙasashen Sanyi

Wanda ya bar birnin Sabha ya kama titin da ya nufi Jufra, garin farko da zai tarar shi ne Tamanhint mai filin jiragen soja, sai Samnu, sai Zighan. Wannan zirin ƙasa shi ake kira Wadi Bawanis, a yankin Fazzan na kudancin Libiya. Ruwan saman da ake samu a nan a shekara guda bai kai milimita 20 ba, wata shekarar ma ko ɗigo. Duk wani kore da ido zai gani, dabino ne ko ciyawar dabbobi ko albasa, daga rijiya aka shayar da shi. Masu gonakin 'yan ƙasa ne. Masu ban ruwa da kwasar taki da kiwon tumaki a gonakin Fazzan kuwa, da yawansu daga kudu suka zo, daga Nijar da Chadi da Sudan da Najeriya, kuma Hausa na cikin harsunan da ake ji a tsakaninsu. Hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta daɗe tana sanya 'yan Nijar cikin baƙin da suka fi yawa a Libiya.

Irin wannan wuri, mai ɗan danshi a tsakiyar tsananin fari, mai garken dabbobi da tarin taki da ramukan ɓeraye a gefen gona, shi ne mazaunin wani ƙwaro da a 'yan shekarun nan ya hana masanan Turai sakat. Ƙudan rairayi ne, mai ɗauke da cutar da Larabawan Libiya ke kira lishmaniya.

Tsawonsa milimita biyu zuwa uku ne, jikinsa duk gashi, launinsa na ƙasa-ƙasa. Idan ya sauka, fukafukansa a ɗage suke tsayawa. Ba ya kuka kamar sauro, saboda haka mai barci ba ya jin zuwansa, kuma yana iya ratsa ramukan gidan sauron da ba a tsoma a magani ba. Macen ce ke cizo, daga magariba zuwa asuba, domin sai da jini ƙwayayenta ke nuna. Ba ta neman kwatami ko kududdufi. A ƙasa mai laima take zuba ƙwai: tsagar bango, ƙasan akurki, gindin taki, ramin ɓeran daji. Shi ya sa duk dabarun da aka saba da su na yaƙi da sauro, na cike kududdufai da gyara magudanan ruwa, ba su taɓa ta. Wajen tashi kuma raguwa ce, tsalle-tsalle take yi kusa da ƙasa, kuma yawanci ba ta yin nisan da ya wuce 'yan ɗaruruwan mitoci daga inda aka ƙyanƙyashe ta.

Ƙwaron da ba ya iya tashi mai nisa, yaya aka yi aka same shi a Jamus?

Kafin a kai can, sai an san abin da yake ɗauke da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 700,000 zuwa miliyan ɗaya ne ke kamuwa da lishmaniya a kowace shekara. Nau'in ƙwayar cutar ya haura 20, nau'in ƙudan da ke yaɗa ta ya haura 90. Wadda ta fi yawa ita ce ta fata: ɗan ƙurji ya fito a inda aka yi cizo, a fuska ko hannu ko ƙafa, ya yi ta faɗi har ya zama gyambo mai tudun baki, sau da yawa ba ya ma zafi. Yakan warke da kansa bayan watanni, wani ya kai shekara, amma tabon yana nan har abada. Ɗaya kuma ita ce ta cikin ciki, wadda aka fi sani da sunanta na Indiya, kala-azar. Ita saifa da hanta da ɓargo take shiga. Zazzaɓi ya ƙi sauka, mutum ya rame, ciki ya kumbura, jini ya ƙare. Ana samun mutum 50,000 zuwa 90,000 da ita a shekara, kuma idan ba a yi magani ba, fiye da kashi 95 cikin ɗari mutuwa suke yi.

Arewacin Afirka na da babban kaso a tarihin gano ta. A 1903 William Leishman, likitan sojan Birtaniya, da Charles Donovan a Madras suka bayyana ƙwayar cutar, kowa a nasa ɓangaren. Amma a Tunis ne Charles Nicolle ya gano a 1908 cewa karnuka na ɗauke da nau'in da ke kama ƙananan yara a ƙasashen Bahar Rum. A Aljeriya kuma, a 1921, 'yan'uwan nan Edmond da Étienne Sergent da abokan aikinsu suka nuna cewa ƙudan rairayi ne ke kawo gyambon da ake kira da sunan garin Biskra. Kusan kowace ƙasa ta laƙaba wa gyambon sunan wani garinta: na Halab, na Bagadaza, na Gafsa. Mu ma ba a bar mu a baya ba. A 1911 wani likitan Faransa mai suna Stévenel ya rubuta rahoton cutar daga yankin Damagaram, kuma ana ɗaukar wannan a matsayin rahoton farko daga Afirka ta Yamma.

Abin da aka gani a arewa

A 1999 masanin ƙwari Torsten Naucke ya kama wasu 'yan ƙudajen rairayi a jihar Baden-Württemberg, a kwarin kogin Rhine, yankin da ya fi ko'ina ɗumi a Jamus. Nau'in da ake kira Phlebotomus mascittii ne. Har zuwa lokacin, abin da littattafai ke koyarwa shi ne duwatsun Alps ne iyakar ƙwaron. Bayan shekara biyu aka kama wani nau'in a jihar Rhineland-Palatinate, Phlebotomus perniciosus, wanda shi tabbas yana yaɗa cutar a kudancin Turai. Daga nan aka samu mascittii a Beljiyam, aka same shi a Ostiriya a 2009, aka same shi a Sulobakiya a 2016. A Jamus, inda aka fi kama shi shi ne tsofaffin rumbunan gona masu daɓen ƙasa, wuraren da Bahaushe zai gani ya ce ai ya san irinsu.

A nan sai an yi hattara, domin jaridun Turai kan cika baki. Har yau ba a tabbatar da cewa mascittii na iya sa wa mutum cutar ba. Akwai kuma masanan da ke ganin ba sabon zuwa ba ne, ya daɗe a 'yan lungunan da ke da ɗumi, ba a dai taɓa ɗana masa tarko ba ne. Wanda bai nema ba, ba zai gani ba. Sai dai abin da ya faru a arewacin Italiya ya wuce a ce rashin nema ne. Can an daɗe ana bincike, kuma an san cewa kafin shekarun 1990 cutar karnuka ta tsaya ne a kudu da tsakiyar ƙasar da bakin teku. Daga wannan lokaci ta kafu a Piedmont da Veneto da sauran yankunan gindin Alps, a jikin karnukan da ba su taɓa barin garinsu ba. A 2012 da 2013 aka ga ƙaruwar kala-azar a jikin mutane a lardin Bologna.

Ba Turai kaɗai ba. A Amurka cutar fata da aka sani a kudancin Texas ta ɓulla a arewacin jihar, wajen Dallas, har da Oklahoma, a jikin mutanen da ba su yi tafiya ba. A Nepal kala-azar ta bazu daga filayen da ke iyaka da Indiya ta hau ƙauyukan kan duwatsu da ake ganin sanyinsu ya fi ƙarfin ƙwaron.

Sanyin hamada

Akwai abin da wanda ya yi hunturu a Fazzan ya sani wanda mai kallon taswira bai sani ba: hamada ba zafi kaɗai ba ce. A watan Janairu dare a Sabha kan yi sanyin da ma'auni ke sauka kusa da sifili, wani lokaci ya taɓa shi. Ƙudan rairayi na dausayoyin Arewacin Afirka yana ƙetare irin wannan sanyi duk shekara. Manyan su mutu, amma tsutsar da ta kai matakinta na ƙarshe ta lafe a cikin ƙasa, ta daina girma, ta jira bazara. Ramin ɓera da tsagar bango ba su yin sanyin waje, ba su kuma yin zafin waje.

Ke nan ba hunturu ne ya fi tsare ƙwaron daga arewacin Turai ba, gajertar lokacin zafi ce. Daga ƙwai zuwa babban ƙuda ana bukatar makonni da dama na ɗumi, kuma ita kanta ƙwayar cutar tana bukatar kwanaki masu ɗumi a cikin hanjin ƙudan kafin ta isa a sa wa wani. Masana kan auna da cewa ana bukatar wurin da matsakaicin zafinsa na shekara ya kai digiri 10, kuma a samu aƙalla wata guda mai matsakaicin digiri 20. Tun daga shekarun 1980 Turai ke ɗumama da saurin da ya ninka na duniya baki ɗaya, in ji Hukumar Yanayi ta Duniya. Wuraren da ke cika waɗannan sharuɗɗa sai ƙara matsawa arewa suke yi, suna kuma hawa kan tuddai. A kudancin nahiyar, inda ƙwaron yake tun asali, lokacin cizonsa ne ya tsawaita.

Amma ɗumi ƙwaron kawai yake kawowa. Cutar sai an kawo ta, kuma a Turai mai kawo ta kare ne. Bajamushe ya tafi hutu Sifaniya ko Girka da karensa ya dawo. Ƙungiyoyin tausayin dabbobi su kwaso karnukan titi daga ƙasashen Bahar Rum su raba wa masu so a Jamus da Ingila da Holand. Kare na iya ɗaukar ƙwayar cutar shekaru ba tare da alama ba. Yau a arewacin Turai akwai karnuka masu yawa da ke ɗauke da ita, kuma abin da ya rage kawai shi ne ƙudan da zai ɗauka daga jikinsu ya kai wa yaron maƙwabta. A 2001 likitoci suka wallafa labarin wani ƙaramin yaro a Jamus da ya kamu da kala-azar alhali bai taɓa zuwa ƙasar da aka san cutar ba.

Annobar da ta fi girma a Turai a wannan ƙarni ma ba ta da alaƙa da tafiyar kowa. A 2009 ta fara a Fuenlabrada, kudu maso yammacin Madrid, ta kama mutum fiye da 700 cikin 'yan shekaru. An duba karnuka ba a ga ƙarin da zai bayyana lamarin ba. Ashe zomaye ne. An mayar da tsofaffin gonaki wurin shaƙatawa mai suna Bosquesur, dab da gidajen mutane, babu mafarauci babu dila, zomaye suka hayayyafa, ƙudan ya samu jini a wadace. Hukumomi ne da kansu, da kyakkyawar niyya, suka gina wa cutar gida.

Wannan batu na da muhimmanci ga mutanenmu. Duk lokacin da aka ambaci wata cutar ƙasashen zafi a Turai, akwai 'yan siyasar da ke nuna yatsa ga masu ƙetare teku daga Libiya. A wannan karon hujja ba ta tare da su. Nau'in ƙwayar cutar da ke matsawa arewa, Leishmania infantum, ɗan gida ne a Bahar Rum, kuma a jikin kare yake zaune. Nau'in da ya fi yawa a Libiya da Sahel, Leishmania major, sai da ɓerayen daji yake ɗorewa, mutum bai cika zama tushen yaɗa shi ba. Gaskiya ne akwai nau'i na uku, Leishmania tropica, wanda ke bi daga mutum zuwa mutum ta bakin ƙuda, shi ne ya yi ɓarna a Halab lokacin yaƙin Siriya, kuma ƙudan da ke ɗaukarsa yana nan a wasu sassan kudancin Turai. Maganin wannan haɗari shi ne a duba baƙo a yi masa magani da wuri, wanda kuma ba ya yiwuwa idan baƙon na tsoron zuwa asibiti.

Inda cutar ta riga ta zauna

A Libiya cutar fata ta fi ƙarfi a arewa maso yamma: duwatsun Nafusa, Nalut, Yafran, Gharyan, Bani Walid, har zuwa Sirte. Mai ɗaukarta shi ne Phlebotomus papatasi, ma'ajiyarta kuma wasu ɓerayen daji ne, musamman wani mai ƙiba da ke haƙa rami a gindin tsirran ƙasa mai gishiri. Ana cizo da bazara da kaka, gyambo ya bayyana da shigowar sanyi. Kala-azar kuma an fi saninta a gabas, wajen Bengazi, amma tun shekarun 1990 likitocin ƙasar suka ba da rahoton yara masu ita daga kudu.

Bayan yaƙin 2011 komai ya taɓarɓare. Feshin magani da yaƙi da ɓeraye suka ja baya, shara ta taru, allurar da ake yi wa gyambon ta riƙa yankewa a asibitoci. Garin Tawergha, wanda aka kori mutanensa a 2011, ya zauna kango shekara bakwai. Da suka fara komawa a 2018, suka tarar ɓeraye da ƙudan rairayi sun gaje gidajen, kuma gyambon ya bi su gida-gida. Irin wannan ya faru a maƙwabciya Tunisiya ta wata hanyar: bayan gina madatsar ruwa ta Sidi Saad a farkon shekarun 1980, annobar cutar fata ta ɓarke a tsakiyar ƙasar, domin ruwa da noma sun sauya zaman ɓeraye da na mutane.

Darasin Sidi Saad ya shafi kowane wuri irin Bawanis. Duk inda aka fito da ruwa daga ƙarƙashin hamada aka shimfiɗa gona, an samar da laima, an samar da abincin ɓera, an kuma kawo mutane su kwana a wurin. Mai gona yana komawa gida cikin gari, ɗaki mai na'urar sanyaya iska. Lebura shi ke kwana a gona, a ɗan ɗakin bulo marar filasta kusa da garke, idan zafi ya yi yawa kuma ya fito da tabarmarsa waje ya cire riga, daidai lokacin da ƙudan ke fita. Ba shi da takarda, saboda haka kowane shingen bincike tsakaninsa da asibitin Sabha abin tsoro ne. Idan ƙurji ya fito, sai ya sayi man shafawa a kantin magani ya ci gaba da aiki. Irin wannan mutum ba ya shiga lissafin kowace hukuma. A ganina wannan shi ne babban rashin daidaiton da ke cikin labarin: a Jamus ana ƙirga ƙudajen ɗaya bayan ɗaya, a san ƙauyen da aka kama kowanne, a kudancin Sahara da tsakiyarta kuwa mutanen da suka kamu ma ba a ƙirga su yadda ya kamata ba.

Can gida ma haka abin yake. Wani ɗan'uwan papatasi, Phlebotomus duboscqi, yana nan a faɗin Sahel daga Senegal zuwa Sudan. Likitoci a Sakkwato sun ba da rahoton cutar a jikin yara 'yan makaranta, an kuma yi nazarinta a Keana ta jihar Nasarawa. A Wagadugu ta yi yawa a ƙarshen shekarun 1990 har mutane suka sa mata sunan sabuwar unguwar da ake ginawa a bakin gari, Ouaga 2000. Mafi tsanani kuwa a Sudan ne. A jihar Gadarif, inda Hausawa ke da ƙauyuka a bakin kogin Rahad, kala-azar cutar gida ce. Ƙudan da ke kawo ta yana son baƙar ƙasa mai tsagewa da rani, da dazukan aduwa da dushe, wato daidai inda manomi da makiyayi ke yini su kwana. Can kudu, a yammacin Upper Nile da ke Sudan ta Kudu a yanzu, annobar da ta ɓarke lokacin yaƙi daga 1984 zuwa 1994 ta kashe kimanin mutum 100,000 cikin al'ummar da ba ta wuce 280,000 ba, kamar yadda likitocin Médecins Sans Frontières suka ƙiyasta. Duniya ba ta ji ba sai da aka yi shekaru ana mutuwa.

Magani

Har yau babu allurar rigakafin lishmaniya da aka amince da ita ga ɗan Adam. Ta karnuka kuwa akwai: Turai ta amince da CaniLeish a 2011, da LetiFend a 2016, ga kuma abin wuya mai maganin ƙwari da ake ɗaura wa kare ya yi watanni yana korar ƙudan. Ba laifi ba ne, kare lafiyayye kariya ce ga yaron gidan. Amma abin na nuna inda kasuwa take.

Magungunan mutane tsofaffi ne. Alluran sinadarin antimoni, Pentostam da Glucantime, tun shekarun 1940 ake amfani da su, suna da zafi, suna iya taɓa zuciya da hanta, kuma ana yin su kullum na makonni. A Gabashin Afirka an rage kwanakin zuwa 17 ta hanyar haɗa Pentostam da paromomycin, aikin da ƙungiyar DNDi da likitocin yankin suka yi. AmBisome ya fi sauƙi a jiki, amma yana da tsada kuma sai an ajiye shi a sanyi, abin da ke da wuya a garin da wuta ke ɗaukewa rabin yini. Akwai ƙwaya ta sha, miltefosine, wadda mai ciki ba ta sha. Duk da haka, da waɗannan kayan aikin ne Bangladesh ta zama ƙasa ta farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ta kawar da kala-azar a matsayin matsalar lafiyar jama'a, a 2023. Abin da ta yi shi ne gwaji na gaggawa a asibitocin karkara, magani kyauta, feshi a cikin gidaje, da bin marasa lafiya har ƙauyensu.

Idan tsoron da ya kama Turai ya sa an zuba kuɗi a binciken rigakafi da sabon magani, talakan Gadarif da leburan Fazzan za su iya cin albarkacinsa, ko da ba don su aka yi ba. Haka ta faru da wasu cututtukan. Sai dai babu tabbas cewa abin da aka ƙera domin asibitin Milan zai iso Samnu da farashin da za a iya biya.

Kafin nan, abin da ke hannun mutum kaɗan ne amma yana aiki. Gidan sauro mai magani yana kashe ƙudan ko ya kore shi, ko da ramukansa sun fi ƙwaron girma. Kwana a kan gado ko a saman soro ya fi kwana a ƙasa, tunda ƙwaron ba ya tashi sama sosai. A nisanta shimfiɗa daga garke da tarin taki, a liƙe tsagar bango, a sa riga mai dogon hannu da magariba.

Sai kuma batun masu dawowa. Cutar na iya ɓoyewa makonni ko watanni kafin ta bayyana, ke nan wanda aka ciza a gonar dabino a watan Satumba yana iya kasancewa a Tawa ko Maraɗi ko Kano lokacin da gyambon zai buɗe. A can za a fara da maganin ƙwayoyin cuta na yau da kullum, ya ƙi, a koma na gargajiya, wani ya ce ciwon daji ne, wani ya ce sammu ne. Mai zazzaɓin kala-azar kuma za a yi ta ba shi maganin maleriya da na taifot har saifa ta cika ciki. Gwajin ba mai wuya ba ne: a kankaro ɗan nama daga bakin gyambon a duba a madubin likita, ko a ɗiga jini a kan tsinken gwaji na rK39 idan ta ciki ake zargi. Amma sai likita ya yi tunanin cutar kafin ya nemi gwajin, kuma ba zai yi tunaninta ba idan bai tambayi inda majinyaci ya yi bazara ba. Da yawa daga masu dawowa daga Libiya ba su son faɗin inda suka fito, wasu don kunyar dawowa hannu rabbana, wasu don gudun tambayoyin hukuma. Ma'aikatan lafiya a garuruwan da ke kan hanyar Agadas su ya kamata su fara yin tambayar, su kuma yi ta yadda mutum zai iya amsawa.